Dasashin ƙanwata ya ƙi warkewa, yau wata uku

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar likitocinmu nake nema a kan ƙanwata, shekararta 38. Yau wata uku ke nan dasashinta na sama ya kumbura, ya fara ta gefe ɗaya, a hankali ya zagaye haƙoran gaba. Ba irin kumburin da muka saba gani ba ne. Ja ne jawur har yana komawa shunayya, samansa kuma gudaji-gudaji, da wasu ƙananan ɗigogi kamar an caccaka da allura. Buroshi na taɓawa sai jini. An yi mata wankin haƙora sau biyu, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har zagaye uku, ruwan kurkure baki kuwa ba a magana. Ko gezau. Yanzu an ce za a cire haƙora biyu da suka fara girgiɗa. Abin da ke ɗaure mini kai, ita fa mutum ce mai tsabtar baki, tun muna yara ita ke mana gorin rashin goge haƙora. Mu bari a cire, ko mu dakata?

Uwar Biyu: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Yaya, ba juna biyu gare ta ba? Ni a cikina na biyu haka dasashina ya yi, yana ta jini, ina haihuwa ya baje da kansa.

Yaya Babba: Amin. Babu ciki, an gwada.

Mai Harhaɗa Magani: Hajiya, tana shan wani magani kullum? Ina tambaya ne domin akwai magunguna uku da suka yi suna wajen sa dasashi ya yi tsiro: fenitoyin na farfaɗiya, saikulosforin da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, sai dangin nifedifin da amlodifin na hawan jini. Na ƙarshen nan ne muka fi cin karo da shi, don masu shan sa suna da yawa. Sai dai nasu dasashin kauri yake yi da tauri, launinsa ba ya nisa da na asali, bai cika yin jan da kika siffanta ba.

Yaya Babba: Ba ta shan ko ɗaya, Malam. Maganin mura da na ɗigawa a hanci dai ta sha su har ta gaji.

Likitan Haƙora: Tsaya Hajiya, wace mura? Ba ki ambace ta da farko ba. Tun yaushe? Ki taimake ni da amsar waɗannan: hancin yana toshewa? Tana fyato busasshen tasono mai haɗe da jini? Haɓo fa? Kunnenta lafiya? Tari, zazzaɓi, rama, ciwon gaɓoɓi, jan ido? In za ta yarda kuma, ki turo mini hoton dasashin ta gefe, kada ki saka a zaure.

Yaya Babba: Likita, wallahi ban ɗauka akwai haɗi ba, shi ya sa ban faɗa ba. Murar ta riga dasashin, ta kai wata biyar. Tasono mai jini kam kullum da safe. Kunnenta na hagu ya toshe, sai ka maimaita magana kafin ta ji, an ce ruwa ne ya taru a ciki. Ta rame, zoben hannunta ma yanzu zamewa yake. Gwiwa da wuyan hannu suna mata ciwo, yau nan gobe can. Tari babu sosai. Na tura hoton.

Likitan Haƙora: Na gani. Da farko dai a dakata da cire haƙoran nan. Ba a yanke hukunci da hoto, amma zan faɗa miki abin da ya zo mini a rai da dalilinsa.

Ciwon dasashi na yau da kullum, wanda muke gani daga safe har yamma, dattin da ke daskarewa a gindin haƙora ne ke kawo shi. Yana bin bakin haƙori, kuma in aka wanke aka gyara goge baki, cikin mako biyu za a ga sauyi. Na ƙanwarki haƙoran fes suke, amma naman ya tashi daga tsakanin haƙora ya haura sama, ga gudaji, ga ɗigon jini a cikinsa. Littattafanmu suna kiran wannan siffa da sunan ɗan itacen nan sitirobari, ja mai ɗige-ɗige a jiki, don da shi ya yi kama. Cutar da ta fi shahara da wannan siffa kuwa ba ta baki ba ce. Kumburin ƙananan jijiyoyin jini ce, a taƙaice ana ce mata GPA. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan bangon jijiyoyinsa. Wuraren da ta fi so su ne hanci da kogunan da ke gefensa, kunne, huhu da ƙoda.

Kafin a kai ga nan akwai wadda ta fi gaggawa a kore: sankarar jini. Wani nau'inta yana cusa ƙwayoyinsa cikin dasashi ya kumbura shi ya riƙa jini, ga kasala ga rama. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ne ke fara tona ta, a yini ɗaya ake samun sakamako. Saboda haka gobe, ba jibi ba, ku je wajen likitan cututtukan cikin jiki, ku faɗa masa labarin baki da na hanci da na kunne a zama ɗaya. A yi ƙidayar jini, gwajin aikin ƙoda, gwajin fitsari da hoton ƙirji.

Kawu Dattijo: To ga shi nan an fara. Baiwar Allah ta zo tambaya a kan haƙori, an haɗa ta da sankara da ciwon ƙoda. Likita, da girmanka, ba ka ganin irin wannan ne ke hana mutane barci? Ni dasashina yana jini tun ina saurayi, ga ni na haura sittin da ƙodata biyu. Yanzu duk wanda ya karanta wannan ya tofa yawu ya ga ja, sai ya fara rubuta wasiyya.

Likitan Haƙora: Kawu, maganarka tana kan hanya, ban ƙi ta ba. Cutar nan ba ta da yawa ko kaɗan. A ƙasashen Turai, inda aka fi ƙididdige ta, sababbin masu kamuwa a shekara ba su wuce mutum goma da 'yan kai cikin miliyan ɗaya ba. A cikin masu ita ma, kusan ɗaya cikin goma ne take taɓa wa baki, waɗanda ta fara bayyana musu ta dasashi kuwa sun fi haka ƙaranci. Likitan haƙora zai iya ƙare aikinsa har ya yi ritaya bai gan ta ba. Naka jinin, in ka ba ni dama, wankin haƙora yake so, kuma ka daɗe kana guje mana.

Amma duba abin da ya taru wa wannan baiwar Allah: baki mai tsabta, magani zagaye uku bai yi komai ba, siffar da ba a saba gani ba, hanci na jini wata biyar, kunne ya toshe, jiki na zubewa. Ɗaya daga ciki ba komai ba ne. Shida a jikin mutum ɗaya kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Kawu Dattijo: Wankin haƙoran nan dai ba za ka bar ni da shi ba. Na ji. Amma har yanzu ina ganin da ka ce mata ta je asibiti kawai, ba sai ka jero sunayen cututtuka ba.

Malamar Jinya: Kawu, ka yi haƙuri in saɓa maka. Asibiti ai sun je. Sun je wajen mai haƙora ya duba haƙora, sun je wajen mai kunne ya duba kunne, mai mura ya ba da maganin mura. Kowa ya yi aikinsa a gonarsa, babu wanda ya ji labarin gaba ɗaya. In ba a faɗa mata abin da ake zargi ba, gobe za ta sake zuwa ta ce "dasashi ne", a sake ba ta ruwan kurkure baki.

Ni a sashen masu ciwon ƙoda nake aiki, bari in faɗi abin da ya sa gwajin fitsarin nan ya fi komai muhimmanci a wurina. Ƙoda ba ta kuka. Hanci zai dame ka, kunne zai dame ka, dasashi kana ganin sa a madubi, amma ƙananan matatun da ke cikin ƙoda za su iya ƙonewa mutum yana yawonsa, babu ciwon baya, babu zafin fitsari. A irin wannan cuta aikin ƙoda kan iya zubewa cikin makonni. Kafin ƙafa ta kumbura ko fitsari ya ragu ko amai ya fara, an riga an yi asara mai yawa, kuma matatar da ta mutu ta zama tabo ba ta dawowa. Alamar farko ita ce jini da furotin a fitsari, wanda ido ba ya gani, sai ɗan tsinken takardar nan da ake tsomawa. Minti biyu ne. Sau da yawa yana nuna matsala tun sakamakon jinin ƙoda yana nan daidai.

Yaya, abu ɗaya: in tana al'ada ta faɗa musu, don jinin kan gauraya da fitsarin ya ruɗa sakamako.

Ɗalibin Likitanci: Gaskiya ne Anti. A karatunmu an ce a farkon zuwan marasa lafiya kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke da matsalar ƙoda, amma a tsawon cutar abin yana kaiwa kusan uku cikin huɗu. Hanci da kunne da maƙogwaro kuwa kusan tara cikin goma. Ni dai a ganina a tafi kai tsaye a yi gwajin ANCA, in ya nuna shi ke nan an gama, in bai nuna ba a huta. Cutar Wegena ce wannan, wato GPA ɗin da Likitan Haƙora ya ambata, ko tantama ba na yi.

Likitar Gaɓoɓi: Sannunku da ƙoƙari, yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen. Ɗalibi, alƙalumanka daidai ne, hukuncinka ne ya yi sauri. Da sauran karatu a kan ANCA.

Ga waɗanda ba fanninsu ba: ANCA wasu sojojin garkuwar jiki ne da suka ɓace hanya, suna manne wa wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. In sun manne sai ƙwayar ta harzuƙa tun ba ta fita daga jijiya ba, ta zazzage gubar da aka tanadar wa ƙwayoyin cuta a kan bangon jijiyar. Daga nan bango ya kumbura, jini ya riƙa tsattsafowa, naman da jijiyar ke ciyarwa ya fara mutuwa. Ɗigogin da Yaya ta gani a dasashi, wannan tsattsafin ne. A GPA yawanci abin da suke kai wa hari wani sinadari ne da ake kira PR3. Tun 1985 aka gano alaƙar gwajin da cutar, kuma ya sauƙaƙa mana aiki ƙwarai.

Sai dai yana da rami biyu. Idan cutar ta bazu ta kama ƙoda da huhu, gwajin kan nuna a kusan tara cikin goma. Idan kuwa tana tsaye a hanci da baki kaɗai, wato daidai lokacin da muka fi son kama ta, mutane da dama gwajinsu ba ya nuna komai. Ka ga "in bai nuna ba a huta" kuskure ne mai tsada. Ramin na biyu, yakan nuna a inda babu GPA: a tarin fuka, a ciwon da ƙwayoyin cuta ke kama bawul ɗin zuciya, a masu shan wasu magunguna irin su haidiralazin da wani maganin maƙoƙo, da masu shaƙar hodar ibilis, wadda ita ma takan cinye cikin hanci ta huda shi.

Tarin fukan nan shi na fi tsoro. Rama, zazzaɓi, gumin dare, tarin jini, kogo a hoton huhu, duk cututtukan biyu suna yin su. Ko a madubin awon nama suna iya kama da juna, don kowace tana tara ƙwayoyin garkuwa su yi dunƙule. Maganinsu kuma kishiyoyi ne. Ka danne garkuwar mai tarin fuka, ka buɗe wa cutar ƙofa. Ka ɗora mai GPA a kan maganin tarin fuka wata shida, ƙodarsa ta tafi kana jiran sauƙi. Dukansu biyun suna faruwa a duniya. Shi ya sa ba ma dogara da gwaji ɗaya, sai mun haɗa labari, awon jini, hoto, gwajin majinar ƙirji, da ɗan naman da aka yanko aka duba.

Ɗalibin Likitanci: Na karɓi gyara, ranki ya daɗe. To naman daga ina za a yanko? Dasashin ai shi ne a kusa.

Likitan Haƙora: Shi ne a kusa kuma shi ya fi sauƙi, allurar kashe zafi ce da ɗinki ɗaya ko biyu. Amma kada a sa rai da yawa. Jijiyoyin dasashi ƙanana ne ƙwarai, sau da yawa mai awon ba ya ganin kumburin jijiyar ƙuru-ƙuru. Abin da ya fi gani shi ne fatar sama ta yi kauri tana nutsawa ciki, ƙananan aljihunan mugunya, da wasu manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa. In ba a rubuta masa abin da ake zargi ba, zai iya dawo da takarda ya ce kumburi ne kawai, kowa ya koma gida. Don haka wanda zai yanka ya yi zurfi kaɗan, kuma ya rubuta labarin hanci da kunne a takardar.

Likitar Gaɓoɓi: Haka ne. In fitsari ya nuna ƙoda ta shiga, naman ƙodar ne ya fi ba da amsa, kuma yana gaya mana nawa ya lalace, nawa za a iya cetowa. Af, ɗalibi, sunan da ka kira ta da shi ma an sauya shi.

Ɗalibin Likitanci: Malamanmu har yanzu Wegena suke cewa.

Likitar Gaɓoɓi: Baki ya riga ya saba. Friedrich Wegener likitan awon gawa ne Bajamushe, ya yi rubutu a kan cutar a 1936 da 1939, ko da yake Heinz Klinger ya riga shi bayyana ta a 1931. Shekaru bayan rasuwarsa a 1990 bincike ya fito da cewa ɗan jam'iyyar Nazi ne, kuma ya yi aiki a birnin Lodz na ƙasar Folan lokacin da Jamus ta mamaye ta. A 2011 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi da na ƙoda na Amurka tare da ta likitocin gaɓoɓi ta Turai suka amince a koma GPA, sunan da ke siffanta abin da ake gani a nama: dunƙulen kumburi da kumburin jijiyoyi masu yawa.

Kawu Dattijo: Mutum ya mutu ya bar duniya a bi shi a ƙwace masa suna. To da sauya sunan ya warkar da wani?

Mai Kula da Zaure: Kawu, wannan muhawarar a buɗe mata wani zaren. Nan maganar mara lafiya ake yi.

Yaya Babba: Na gode muku duka, amma gaskiya jikina ya yi sanyi. Na shiga intanet na ga an rubuta wai masu cutar nan wata biyar suke yi su mutu. Likita, ku faɗa mini gaskiya. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce a sayo mata firedinisolon ta fara sha kafin a ga likita, wai yana sauke kowane kumburi.

Likitar Gaɓoɓi: Hajiya, kwantar da hankalinki. Wata biyar ɗin da kika gani gaskiya ne, amma tarihi ne. Daga wani rahoto na 1958 ya fito, lokacin da babu magani, inda kashi 82 cikin 100 suka rasu cikin shekara guda. A shekarun 1970 Anthony Fauci, wanda duniya ta sani lokacin korona, shi da Sheldon Wolff suka haɗa firedinison da saikulofosfamaid a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. A rahotonsu na 1983 a kan mutum 85, cutar ta lafa a jikin 79. A 2010 aka nuna rituksimab, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa, yana yin aikin da saikulofosfamaid ke yi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011. A 2021 kuma ta amince da abakofan, wanda ke taimakawa a rage yawan sitiroyid, wato magungunan sauke kumburi irin su firedinison. Yau cuta ce da ake zama da ita shekaru, ana aiki ana aure. Abin da ke raba mai sauƙi da mai wahala, mafi yawa, shi ne halin da ƙoda take ciki ranar da aka fara magani. Kuma fa har yanzu ba mu tabbatar ita ce ba.

Maganar maƙwabciya kuwa, ina roƙonki kada ku yi. Ƙwarai zai sauke kumburin, nan ne ma haɗarin yake. Dasashi zai yi kyau, ku ce an warke, ƙoda na ci gaba da lalacewa a ɓoye, don shi kaɗai ba ya riƙe cutar. Zai dagula sakamakon naman da za a yanka. In sankarar jini ce zai iya ɓoye ta na ɗan lokaci, in tarin fuka ne zai hura masa wuta. Kwana biyu ko uku na gwaji ba su kai wannan kasadar ba. Amma in ta fara tarin jini, ko numfashi ya yi wuya ko yana fito da ƙara kamar usur, ko fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ko ido ya yi ja yana ciwo, kada ku jira ranar ganin likita, sashen gaggawa za ku nufa ko da tsakar dare ne.

Mai Ita Shekara Shida: Ban cika magana a nan ba, amma yau dole. Yaya, ni ina da cutar nan, shekara shida ke nan da aka gano. Nawa bai fara ta dasashi ba, ta hanci ya fara, amma in na ji labarin ƙanwarki kamar nawa ake karantawa. Na fi shekara ana ce mini sanyi ne ya kama kogon hanci. An yi mini aiki a hancin, wurin ya ƙi warkewa. An cire mini haƙori ɗaya, ramin ya yi wata biyu a buɗe, ashe wannan ma alama ce. Sai da karan hancina ya fara lotsawa, na duba hotunana na da na ga fuskar ba tawa ba, sannan wani likita ya ce a gwada fitsari. A lokacin kusan rabin aikin ƙodata ya tafi. Alhamdu lillahi ban kai ga wankin ƙoda ba, amma abin da ya tafi bai dawo ba.

Ba zan ɓoye miki ba, maganin yana da nasa nauyi. Sitiroyid ya kumbura mini fuska, ya hana ni barci, sukarina ya hau. Cutar ta taɓa dawo mini sau ɗaya a shekara ta uku, kuma an gaya mini dawowar ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ko ina jin garau ba na fasa zuwa awo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle: har yau in na ga ɗigon jini a hankici sai gabana ya faɗi. Amma ina zuwa aikina, ina ɗaukar 'ya'yana daga makaranta. Da a ce nawa ya fito a dasashi inda ido ke gani, wata uku kacal da farawa, da na yi murna.

Kawu Dattijo: Allah ya ƙara miki lafiya, 'yata. Na janye rabin maganata. Rabin da na riƙe shi ne, masu karatu kada kowa ya ga jini a buroshi ya ce shi ma ita ce.

Malamar Jinya: Wannan rabin mun bar maka shi, Kawu, daidai ne.

Yaya Babba: Salam. Yau kwana tara da maganarmu, ga inda aka kwana. Ƙidayar jini ba ta nuna sankara ba, sai ƙarancin jini da alamar kumburi mai yawa. Fitsari ya nuna jini da furotin, kamar yadda Anti ta faɗa, alhali ita ba ta jin komai a wajen fitsari. Awon aikin ƙoda ya ɗan haura kaɗan. Hoton ƙirji ya nuna wani ɗan dunƙule a huhun dama, aka gwada tarin fuka sau biyu babu. ANCA ya nuna, irin na PR3 ɗin. An kwantar da ita, an ɗebi naman ƙoda, jiya likitocin suka tabbatar GPA ce. An fara mata sitiroyid ta jijiya. Sun ba mu zaɓi tsakanin magunguna biyu, sun ce tunda tana son ƙarin haihuwa sun fi karkata ga rituksimab. Na kasa riƙe bayanin duka, kaina ya cika.

Likitar Gaɓoɓi: Allah ya sa kaffara ne. Dalilin karkatarsu shi ne saikulofosfamaid yana iya taɓa ƙwayayen haihuwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekarun mace da yawan abin da ta sha, yana kuma iya ƙona mafitsara. Kafin rituksimab za su gwada ciwon hanta nau'in B, don yakan tayar da wanda ya kwanta. Maganar ɗaukar ciki a ajiye ta tukuna har cutar ta lafa, a tsara ta tare da likitocinta. Ki samo littafi ki riƙa rubuta sakamakon awon ƙoda da kwanan wata, zai yi muku amfani shekaru masu zuwa.

Mai Harhaɗa Magani: Ƙari kaɗan, Hajiya. Za ki ga sun haɗa mata da kotirimokzazol alhali ba ta da wata ƙwayar cuta. Ba kuskure ba ne, kariya ce daga wani ciwon huhu da ke kama wanda aka danne wa garkuwa, kada ta ajiye shi. Sitiroyid kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukowa bisa tsarin likita, ko da fuska ta kumbura ta ji haushi. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak ta nisance su saboda ƙodar. In zazzaɓi ya zo, asibiti, ba kantin magani ba.

Yaya Babba: Na rubuta duka. Likitan Haƙora, ita ce ta ce in tambaye ka: dasashin har ya fara sauka, jan ya ragu tun kwana na uku da fara magani. Haƙoran nan biyu fa, har yanzu sai an cire? Kuma ta ci gaba da goge baki ko ta bari ya warke?

Likitan Haƙora: Ki gaishe ta. Kada a taɓa haƙoran yanzu. In kumburin ya sauka sau da yawa girgiɗar tana raguwa, sai a ɗauki hoto a ga ƙashin da ya rage a gindinsu, sannan a yanke shawara tare da likitocin da ke ba ta magani. Goge baki kuwa kada ta fasa, yanzu ne ma ta fi buƙatarsa tunda garkuwarta za ta yi ƙasa. Buroshi mai laushi, sau biyu a rana, a hankali, ko da ɗan jini ya fito. In ta ga wani farin abu kamar madara ya kwanta a harshe ko cikin kumatu ta nuna wa masu jinya, sitiroyid kan jawo shi kuma yana da magani. In ta amince kuma, ina son izininta in nuna wa ɗalibaina hoton nan na farko, baki kaɗai, babu fuska babu suna.

Yaya Babba: Na tambaye ta. Ta ce ka nuna, amma ka gaya musu tana goge haƙoranta.